Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A farkon shekarar 2024 wani otel a Abuja ya ba mu aikin haɗa masa manhajar odar abinci da abin sha. Aiki ne irin wanda muka saba: baƙo ya ɗauki wayarsa, ya haska lambar da ke manne a tebur, jerin abin da ake sayarwa ya bayyana, ya zaɓi abin da ransa ke so. Sai dai manajan ya ƙara sharaɗi guda. Yana son kowane abin sha ya zo da ɗan tarihinsa, domin a cewarsa baƙo ya fi sakin kuɗi idan an haɗa masa da labari. Saboda haka muka ware wa kowane kofi gurbi biyar: suna, kayan haɗi, garin asali, shekara, da watan da aka fi shansa. Muka kuma ɗaure tsarin yadda ba zai karɓi abin sha ba sai an cike duka biyar ɗin. Wannan ɗaurin da muka yi da hannunmu shi ya dawo ya kama mu.

Tun ranar farko mun gaya musu sashen giya su shigar da abinsu da kansu, mu namu gina rumbun. Amma ba a gina rumbu ba a san abin da za a zuba a ciki ba, don haka sai da muka zauna muka karanta takardar da suka turo. Mafi yawanta bayanin koktel ne, wato haɗin da Turawa ke yi da giya mai ƙarfi, su sirka ta da wasu abubuwa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda kowane haɗi yake da takardar haihuwa. Ita kanta kalmar, an san cewa a 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta Amurka ta fassara wa wani mai karatu ita, ta ce abu huɗu ne ake haɗawa: giya, sukari, ruwa da ɗaci. A 1862 wani mai haɗa abin sha da ake kira Jerry Thomas ya buga littafin da ya tattara haɗe-haɗen zamaninsa da ma'auninsu. Daga nan kowa ya samu gari da shekara. Negroni an ce a birnin Florence na Italiya aka fara shi a 1919. Daiquiri sunan wani ƙauye ne a Kyuba. Mojito na Habana ne, da lemun tsami da na'a-na'a da sukari.

Akwai ma wanda tarihinsa ya taɓo mu. Ruwan tonik da ake sirka giyar jin da shi, asalinsa magani ne. Turawan Ingila da ke Indiya suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, ɗacinsa ya yi musu yawa, suka riƙa kashe shi da sukari da ruwa da giya. Wannan kwinin ɗin ne likita William Baikie ya riƙa ba mutanensa a 1854, lokacin da jirginsu ya hau Kwara da Binuwai, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Daga nan Bature ya gane ana iya shigowa cikin ƙasar nan a fita da rai. Abin da ya biyo baya kowa ya sani.

Takardar ta kuma raba abin sha gida biyu: na kullum da na lokaci. A Ingila akwai haɗin da sai lokacin zafinsu ake nemansa, musamman kwanakin gasar tanis ta Wimbledon. A Jamus akwai giyar inabi da ake dafawa da kirfa da kanumfari, a sha da zafinta a kasuwannin Kirsimeti. Duk an rubuta, har da watan.

Sai muka iso kan Chapman, wanda duk mai zuwa walimar biki a Kano ko Kaduna ya san shi: jan abin sha mai sanyi, da yankan kokwamba da lemun tsami suna yawo a sama. Ɗan Najeriya ne, an fi danganta shi da kulob ɗin Ikoyi a Legas. Kayan haɗinsa Fanta, Sprite, jan ruwan sukari da ake kira giranadin, sai ɗigo kaɗan na wani ruwan ɗaci mai suna Angostura. Muka bi sawun Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a 1824 a ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu a Tirinidad ake yin sa, kuma a jikin kwalbar an rubuta cewa kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Muka yi shiru, muna ƙirga bukukuwan da muka halarta. Da yawa daga masu haɗa Chapman a Arewa ba sa zuba shi, wasu ma da zoɓo suke ba shi launi. Hukuncin ɗigo biyu a cikin babban kofi kuma na malamai ne. Abin da muka ɗauka daga nan namu ne: shekara da shekaru muna shan abu ba mu taɓa tambayar me ke ciki ba.

Shafin ƙarshe an sa masa suna “Na Gida”. Abu uku ne a kai: zoɓo, kunun aya, fura da nono. A gurbin asali an rubuta kalma ɗaya a kan dukansu, “gargajiya”. Gurbin shekara ba komai. Da muka gwada shigar da su, manhajar ta ƙi, ta fito da jan rubutu tana neman a cike abin da aka bari. Gyaran bai fi minti biyu ba: a sassauta ɗaurin, a bar gurbin ya zauna fayau. Muka kai hannu, muka janye. Domin da kuɗin zoɓo aka saya mana kwamfutar farko da muka koyi wannan sana'a a kanta.

Azumin shekarar ya kama ranar 11 ga Maris. Muka naɗe aikin muka taho da shi gida. Daga Kano zuwa Katsina, daga Katsina a kama hanyar Jibiya da rana tsaka, don hanya ce da mai hankali ba ya bari dare ya same shi a kanta. Gidanmu yana Farfaru, a ƙasar Jibiya, inda Najeriya ke ƙarewa Nijar ta fara, ga wanda ya yarda da taswira. Mu dai mun tashi da kawunnai a Ɗan Isa da 'yan'uwa a Maraɗi, da naira da sefa a aljihu ɗaya.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta riƙe mu. Ta fi shekara talatin tana sana'ar abin sha. Da asuba ta ɗora tukunya, kafin hantsi an ƙulla a leda ko an ɗura a robobi, yara su ɗauki kula su nufi Magama, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a buga musu takardun tsallakawa. Direban da ya kwana biyu a layi, cikin ranar Jibiya, ba ya ciniki a kan zoɓo mai ƙanƙara. Daga wannan kular aka saya mana fam ɗin jarrabawar shiga jami'a, daga ita aka biya kuɗin rajista a Katsina, daga ita aka sayi kwamfuta ta hannu da batirinta ba ya kai awa guda.

Rana ta uku da isowarmu, bayan la'asar, muka same ta a tsakar gida tana tsince zoɓo a faifai. Muka zauna a tabarma da kwamfuta a cinya.

“Gwaggo, wai zoɓon nan, asalinsa daga ina?”

Ba ta ɗago ba. “Wane daga ciki? Baƙin ko jan?”

“Shi abin shan dai. Wa ya fara shi, a wane gari?”

Sai ta ɗago ta dube mu irin kallon da ake yi wa wanda boko ya yi wa yawa. “Mi kuke son in ce? Wa ya fara jin ƙishirwa? In dai inda kayan suka hito kuke tambaya, wannan na sani. Baƙin nan daga wajen Maigatari ake kawo shi. Citta daga kudancin Kaduna. Kanumfari na 'yan koli ne, su ma sayowa suke. Aya da dabino ta Maraɗi suke shigowa. Kanwa daga gabas. Tsamiya kuwa ga uwarta can bayan gida, aljanunta ma sun san ni.”

Mun tambayi gari ɗaya, ta ba mu hanyoyi shida. A daren, bayan tarawihi, muka bi kowace hanya mu ga inda za ta kai.

Zoɓo ya kai mu nesa. Abin da muke kira zoɓo ko zoɓorodo, wanda ganyensa ne yakuwar da ake miya da ita, shi ne karkade a Masar da Sudan, bisaf a Senegal da wajen masu Faransanci na Nijar, sobolo a Gana. Ya tsallaka teku, kuma masana da yawa na ganin tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ya tafi. A Jamaika shi ne abin shan Kirsimeti, ana dafa shi da citta da kanumfari kamar yadda Gwaggo ke yi, sai dai su wasu kan ƙara giya. A Meksiko sunan Jamaika ma suka laƙaba wa ruwansa, kuma wani babban kaso na zoɓon da manoman Jigawa ke shanyawa, ana tsince shi a rumbunan Kano, can Meksikon yake tafiya. Wato abin da otel ɗin Abuja ya rasa abin faɗa a kansa, shi ne ake loda wa jiragen ruwa.

Aya ta fi shi tsufa a rubuce. An same ta a kaburburan tsohuwar Masar. A zamanin mulkin Musulmi a Andalus aka yaɗa nomanta a Sifaniya, kuma har yau mutanen Balensiya suna jiƙa ta, su niƙa, su tace, su sa sukari, su sha da sanyi lokacin zafi. Orchata suke kiran sa, suna alfahari da shi, ayar yankin ma tana da rajistar suna da doka ke karewa. Kunun aya ne ba dabino ba kwakwa. Kuma da yake abin da suke nomawa ba ya isarsu, suna sayen ƙari daga Nijar da Burkina Faso da Mali. A Nijar kuwa ƙasar Maraɗi ce gidan aya. Buhun da ya tsallako Magama zuwa turmin Gwaggo da wanda ya nufi Turai, wataƙila gona ɗaya suka baro.

Kanumfari sunansa ma baƙo ne, daga Larabci muka aro, itacensa kuma asalinsa tsibiran Maluku ne a Indonesiya, kafin a cika Zanzibar da shi a ƙarni na 19. Citta daga Asiya ta zo, ta samu ƙasa a Kachiya da Kwoi da Kafanchan. Sukari shi ma sunan Larabci ne, kuma kafin na kanti ya wadata, da zuma da mazarƙwaila ake zaƙaƙa abin sha. Kanwa fatake ne suka riƙa ɗauko ta daga ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi. Tsamiya tamu ce, 'yar Afirka, amma Larabawa a Indiya suka san ta, suka kira ta dabinon Indiya, sunan da Turawa suka ɗauka suke kiranta da shi har yau. Ko a nan ma an ba wani abin da yake namu, don shi aka fara rubutawa.

Washegari muka koma mata da gurbi na biyar, na watan sha. A manhajar mun jera watanni goma sha biyu na Turawa, mutum ya zaɓi ɗaya ko biyu. Gwaggo ta rushe mana shi cikin numfashi guda. Da bazara, in ji ta, zoɓo da lamurje da kunun aya, duk abin da zai karɓi ƙanƙara. Da damina shanu sun ƙoshi, nono ya yi arha, hura ce sarauniya, mai noma kuma a kai masa farau-farau gona. Da kaka sabuwar gyaɗa ta shigo, sai kunun gyaɗa, a lokacin ne kuma ake cire zoɓo a shanya na shekara. Da hunturu ba mai neman sanyi, sai kunu mai zafi da yaji da shayi. Tsamiya da rani take nuna, a ɓare a dunƙule a ajiye. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yanayi: mace ta haihu, kunun kanwa ne nata har ta gama wanka, ko a wane wata.

“Azumi fa?” muka ce.

“Azumi ai yawo yake.”

Nan muka ga kuskuren da ke cikin tsarinmu. Watan azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yana zagaye yanayi duka cikin shekara talatin da uku. Muna yara, wajen 1999 da 2000, cikin sanyin Disamba aka yi shi. Gwaggo ta ce a shekarun nan ko leda ɗaya ta zoɓo ba ta sayarwa da yamma, kowa kunun tsamiya mai tururi yake nema da ƙosai. Wajen 2011 da 2012 ya faɗo tsakiyar damina. A 2024 ya shigo bakin bazara, ƙanƙara ta zama abin da ake layi a kai. Ita ta sayar da abin buɗa-baki a kowane yanayi da Allah ya halitta, ta san abin da maƙogwaron mai azumi ke so a kowanne. Babban lokacin shan abin sha a ƙasar Hausa ba shi da mazauni a kalandar da muka ɗora manhajarmu a kai, kuma mu da muka tashi a gidan nan ba mu lura ba sai da ta faɗa.

A kwanakin ne muka lura da wani abu da babu shi a da. Tukunya biyu take ɗorawa. Babba da ƙarama. Babbar ita ake ƙullawa a kai Magama. Ƙaramar, wadda ba kullum ake yin ta ba, ita ake sha a gida. Muka tambayi dalili. Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta aiki jikarta ta ɗauko wata leda daga ɗaki. A ciki akwai garin kanti mai ƙamshin abarba, da 'yar kwalbar kala, da ɗan farin garin nan da ake kira suwita, wanda kan cokali ɗaya yake zaƙaƙa bokiti.

“Na kasuwa ke nan,” ta ce. “Ni ban sha.”

Ba rana ɗaya abin ya faru ba, kuma duk wanda ke zaune a bakin iyaka zai iya ƙirga matakan. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Layin motocin Magama ya watse, masu sayen zoɓo suka tafi da shi. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai janareta da firji a Jibiya sai ya sayi fetur a galan da tsada, kuɗin ya hau kan ƙanƙara. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ƙanƙara ƙawa ce. Kunun aya in ba sanyi, kafin la'asar ya yi tsami ya kumbura leda, jarin yini ya tafi. An buɗe wasu iyakokin a Disamban 2020, ta Jibiya sai Afrilun 2022. A tsakani, a Satumban 2021, saboda 'yan bindiga aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da tamu. Mu a lokacin sai da muka koma Kano gaba ɗaya, don mai rubuta manhaja ba intanet kamar maƙeri ne ba wuta. Gwaggo ba ta da inda za ta koma. Ba waya ta kira mai kawo mata aya.

Ba a gama farfaɗowa ba 2023 ta zo da nata. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Naira ta faɗi a gaban sefa, duk abin da ya tsallako daga Maraɗi ta ɓarauniyar hanya ya iso da kuɗin hanyar a kansa. A daminar shekarar kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta cinye mafi yawan amfanin, citta ta zama abin da ake saye da ƙwaya. Mai sayen zoɓon leda kuwa ɗan acaba ne da ɗan dako da ɗalibi. In aka ninka masa kuɗi, ruwan leda zai saya ya wuce. To ko dai ta daina, ko ta rage abin da ke ciki. Ta rage citta, ta cire kanumfari, ta maye ɓawon abarba da gari, ta maye rabin sukari da suwita. Ranar da ta fara, in ji ta, ba wanda ya yi ƙorafi, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Shugabanni a Abuja da Yamai sun yanke shawarwarinsu, kowa da hujjarsa, ba kuma a nan za mu yi musu shari'a ba. Mu dai mun ga inda shawarwarin suka sauka: a cikin ledar zoɓo, a hannun yaron da bai taɓa ɗanɗana na ainihi ba, yana tsammanin haka zoɓo yake. Jikokin Gwaggo biyu da ke taya ta aiki sun ƙware a babbar tukunya. Sun san cokali nawa na gari, ɗigo nawa na kala. Ƙaramar tukunya ita kaɗai ke taɓa ta, don kayan sun yi tsadar da ba za a bar yaro ya koya a kansu ba.

Sai muka ce bari mu yi abin da Jerry Thomas ya yi, mu rubuta da ma'auni. Muka aro ƙaramin sikeli a wajen wani mai shago. Ta bar mu muna auna duk abin da ta ɗebo, tana dariya. Ta wanke zoɓon sau biyu don yashi. Ta ɗora shi da dakakkiyar citta da kanumfari da ɓawon abarba, bai daɗe yana tafasa ba ta sauke, ta ce in ya wuce haka ɗaci zai fito. Ta tace a rariya, ta ɗebo kaɗan a farin kwano ta fita da shi rana ta duba. Sannan ta ɗauko kanwa kamar ƙwayar gero biyu ta jefa. Jan ya ja baya, ya koma wajen baƙi. Mun san dalilin daga ajin kimiyya: sinadarin da ke ba zoɓo launi yana canzawa gwargwadon tsami, kanwa kuma kashe tsami take. Ita launin take karantawa ta san inda tsamin ya tsaya. Da azumi a bakinta, ba ta ɗanɗana ko ɗigo ba.

Washegari ta sake yi da wani zoɓon, lambobinmu duka suka canza. Muka ce, “Gwaggo, jiya ba haka kika zuba ba.”

“Jiya ba wannan zoɓon ba ne. Ku rubuta wannan in kuna son rubutu: tsami, zaƙi, yaji, sanyi. Huɗu ne. Duk wanda ya hau kan ɗan'uwanshi, an ɓata. Sauran kuma hanci da ido.”

Muka tuna jaridar 1806 da abubuwanta huɗu. Ba mu gaya mata ba, don ba za ta ji daɗin a haɗa ta da masu giya ba. Amma mun rubuta nata kamar yadda ta faɗa, da ranar, da wurin.

Manhajar kuwa mun sake mata gini. Asali ya tashi daga kan abin sha ya koma kan kowane kayan haɗi, yadda kofi ɗaya zai iya ɗaukar gari shida. Shekara ta zama ta ganin dama. A gurbin lokaci muka ƙara bazara, damina, kaka, hunturu da azumi. A ƙarƙashin zoɓo muka rubuta Jigawa da Kachiya da Zanzibar, da sunayensa a Alƙahira da Dakar da Meksiko. Manajan ya ce ya yi tsawo, baƙo ba zai karanta ba, ya rage shi zuwa layi biyu. Kalmar “gargajiya” dai ba ta dawo ba. Mun ga kuɗin da suka sa wa kofi ɗaya na zoɓon, ya fi abin da yaran Gwaggo ke dawowa da shi daga Magama a wasu ranakun. Wannan ma ba mu gaya mata ba.

Ranar 13 ga Maris Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22. Bayan kamar mako guda wani kawunmu ya zo daga Ɗan Isa a kan babur, ta hanyar kwalta, da tsarabar tiya biyu ta aya da ƙullin dabino. Gwaggo ta jiƙa ayar a daren. Da safe ta ce yau tukunya ɗaya za a yi, na gida da na kasuwa duka, ko an yi asara. Ta kira babbar jikar, 'yar shekara goma sha huɗu, ta zaunar da ita gaban roba. Ita ta tsince tsakuwa, ita ta cire ƙwallon dabino, ita ta kai markaɗe ta tsaya a kan mai injin kada ya haɗa mata da ragowar tattasai, ita ta matse a ƙyallen tata har hannunta ya gaji. Gwaggo tana gefe a kan kujera 'yar tsugune, ba ta sa hannu ba, sai baki. Mu kuma muka jingina waya a jikin turmi muna ɗauka.

Da aka kira magariba muka buɗe baki da shi. Cittar ta ɗan yi yawa. Gwaggo ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta ce wa yarinyar, “Yaji ya hau kan zaƙi. Gobe ki rage.”

Goben ba a yi ba, don ayar ta ƙare, ta kasuwa kuma ba ta sauko ba. Babbar tukunya ta koma kan murhu da garinta da kalarta. Kafin mu koma Kano bayan salla, mun bar wa mai shagon da ya ara mana sikeli kuɗin aya da citta da kanumfari na wata uku, da sharaɗin duk Juma'a ya aika gida. Gwaggo ta ce ɓarnar kuɗi ce. Yarinyar kuma ta turo mana saƙon murya a Juma'a ta uku, ta ce wannan karon Gwaggo ta sha ba ta ce komai ba, wai ko hakan yana nufin ya yi.